Ƙarafan da Kawu Ya Aiko

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya fama da tifofin kamfani? Ya kunnen naka? Na kira ka har na gaji, kana ta “Eh? Wa ke magana?” ni kuma ina ihu a kan tudun bayan ofis, inda nan kaɗai waya ke kamawa, har masu kawo shanu allura suka zaci faɗa nake yi. Shi ya sa na koma takarda. Direban tankar da ke kai muku mai ya ce zai riƙa ɗaukar mana saƙo, sai a ajiye a gidan man da ke gindin tudu.

Inna tana gaida ƙanenta. Jiki da sauƙi, alhamdulillahi. Ɗinkin ya warke, ƙarfen da aka sa mata a ƙugu ya zauna daidai. Abin da ya rage shi ne gashi da motsa ƙafa a babban asibiti, kuma mai gashin ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce waɗannan watannin farko su ne magana. In aka bi su, Inna za ta taka da ƙafarta, in aka yi wasa gaɓar ta sandare, to sai kujerar guragu har ƙarshen rayuwa. Don haka kusan kullum da safe nake kwantar da ita a kujerar baya ta miƙe ƙafar, mu gangara gari, a gama, in dawo da ita, sannan in ɗauki akwatin allurai in shiga daji wajen garkuna. Yanzu tana takawa da ƙarfen dogarawa daga gado zuwa ƙofa. Mita kuwa sai abin da ya ƙaru. Wai kayana warin maganin shanu suke yi, wai shayina ruwan wanke kofi ne. Ni dai na ce to.

To Kawu, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san motar nan tawa mai ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya. Wanda na saya a hannunsa ya ɗaga ta sama ya zuba mata manyan tayoyi, don ƙawa nake ji, ni kuwa na saye ta ne saboda rafin da nake tsallakawa zuwa garkunan ƙetare in damina ta sauka. Wajen rafin ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma tudun gidanmu ya zama abokin gabarta. Giya ta biyu ba ta ja, ta ɗaya kuma sai kuka, in na matsa mata warin kuloci ya cika motar. Giya ta biyar ado ce kawai, ko a kwalta. In ta faɗa rami sai ta yi ta lilo kamar ba za ta daina ba, wani lokaci har da wata ƙara ƙwas daga ƙasa. Ranar da na ɗauko buhunan dusa kuwa, bayanta zama ya yi daɓas, hancinta na kallon sama.

Bakaniken da muke da shi a nan, Ba-Matsala ake ce masa, don ba abin da za ka kawo masa bai ce haka ba. Ya ce shakazobobin, masu hana ta lilon nan, na asali ne, sun yi wa wannan tsayin gajarta. Ya ce a sauya su, a duba sifirin, sannan ko dai a sauya haƙoran aksul da ke juya tayoyi, gaba da baya, ko a rage girman taya. Kaina ya ɗaure. Ba zan iya barin motar ta daɗe a gareji ba, don ita ce ƙafata ita ce ƙafar Inna. Kai ka tsufa a ƙarƙashin mota, abin da ka ce shi zan yi.

Taka,
Auta


Zuwa ga Auta, likitar shanu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso lafiya, har da tambarin yatsan direba na baƙin mai a kanta. Ina lafiya ƙalau. Kunnen nan kuma ki bar shi ya huta, ya sha guduma tun kafin a haife ki, kuma abin da mutane ke faɗa yanzu mafi yawansa bai cancanci a ji ba.

Na yi murna da sauƙin Yaya, Allah ya ƙara afuwa. Wallahi abin yana cina a rai, a ce wadda ta goya ni ta karye har a yi mata aiki ban leƙo ba. Na nemi hutu, manaja ya ce tsere muke da damina, in na tafi wa zai tashi tifofin. Ki ce mata ina nan tafe da zarar an saki mutane. Mitar kuma ki yi haƙuri, mu ma da ita muka girma.

Yanzu mu zo kan mota. Ki saurara da kyau, don ba na son maimaici.

Maganar giya ba wuya gare ta. Babbar taya dogon taku ce. Injinki an yi shi ne don ƙaramin taku, sai wancan mai son burga ya zo ya ce ya riƙa hawa matakala bibbiyu. Dole ya yi nishi. Sauya haƙoran aksul yana gyara wannan, Ba-Matsala bai yi ƙarya ba. Sai dai aikin ba na kowa ba ne. Dole na gaba da na baya su zo iri ɗaya, in ba haka ba ranar da kika sa jan ƙafa huɗu sai su kama kokawa da juna har wani ya kakkarye. Kuma wajen ɗaurawa sai an shafa fenti a haƙoran an juya, an ga inda suke cizon juna, an kwance an sake. Mutumin da ke cewa ba matsala kafin ya buɗe abu, ni ban ba shi aksul ɗina. Ki bar wannan tukuna, ki lallaɓa tudun da giya ta ɗaya.

Ni layin da ya hana ni sukuni a takardarki shi ne na buhunan dusa. Auta, motar da ke zama a ƙarƙashin kaya tana hanyar kashe mai ita. In baya ya zauna gaba ya yi sama, sitiyari ya saki, birki ya rage kamu. Na ga abin da hakan ke yi, ba sau ɗaya ba, kuma ba na son in gani a gidanmu. Ga ki mace ke kaɗai a daji da lodi.

Don haka ga saƙo nan tare da direba. Fallen sifirin ne, bibbiyu kowane gefe. Da hannuna na zaɓe su, na yanka daidai tsawon naki, na huda, na goge. Ƙarfe ne na gaske, ba irin na yanzu da ke lanƙwashewa in ka harare shi ba. Akwai kuma shakazoba masu tauri, dogaye daidai tsayin motar. A cika tayoyi da iska sosai.

In an gama ɗaurawa kada ku gwada ta wofi. Mu a nan ba ma yarda da mota sai da kaya a bayanta, don sai ta ji nauyi take nuna halinta. Ku loda mata buhunan yashi ku hau tudun nan, sannan ki rubuto ki ba ni labari.

Kafin a ɗaura, ki kai wa Yaya ƙarafan ta gani. Ki ce mata tunda ƙafata ba ta zo ba, ga abin da hannuna ya iya.

Kawunki


Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma godiya, Allah ya bar mana kai. Muna lafiya. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas amma bai zubar ba tukuna.

Saƙo ya iso. Na sa maigadin ofis ya shigo da falle ɗaya har ɗakin Inna, na gaya mata abin da ka ce. Kawu, da ka ga fuskarta. Ta sa aka ɗora mata a cinya duk nauyinsa, tana shafa wajen da ka goge, ta ce, “Ji santsi. Tun yana yaro haka yake, in ya yi abu sai ya yi shi da kyau.” Har ta sa aka kira matar maƙwabci ta zo ta gani.

Ba-Matsala ya ɗaura a yini guda. Ya ɗan yi gunaguni, wai ƙarfen ya yi wa motar yawa, na ce masa wanda ya aiko ya girme shi a sana'a. Muka loda yashi yadda ka ce muka hau tudu. Kai, Kawu! Ko gezau bayanta bai yi ba. Lilon nan ya tafi, ƙarar ta tafi, kwana ma sai ta sha ta kamar a kan layi. Ba-Matsala da kansa ya cire hula ya ce a gaida babban oga. Da muka sauke yashin ta ƙara tsayi kaɗan ta baya, yanzu sai maigadi ya taimaka mini muke ɗaga Inna mu sa ta. Ta yi tauri kam, ina jin duwatsu a sitiyari, jiya ma kwalbar allura ɗaya ta fashe a akwati. Amma na ce ai ƙarfin ke nan, zan ƙara soso a akwatin.

Wani abin farin ciki kuma, Inna ta ce ta ji sauƙi sosai. Bayan mun yi 'yan zuwa asibiti a sabon gyaran, sai ta ce ita fa ta warke, ba sai an riƙa wahalar da ni kullum ba, za ta riƙa motsa ƙafar a gida. Na ce mai gashi ba za ta yarda ba, ta ce mai gashi ba a jikinta ciwon yake ba. Na bar ta ta huta na ɗan lokaci. Ta ma daina mita, ka ji abin mamaki. Ko shayina yanzu sai ta shanye ta ce Allah ya yi albarka. Kullum kuma sai ta ce a gaya maka aikinka ya yi kyau.

Saura tudun. Har yanzu sai na yi ta wasa da kuloci, motar na fizga tana tsayawa, tana fizga tana tsayawa. Ba-Matsala ya nace a kan haƙoran aksul, ya ce ya taɓa yi ba sau ɗaya ba, har fentin da ka faɗa ya nuna mini. Kada ka ga kamar ina fifita maganarsa a kan taka, tambaya kawai nake yi. In yi, ko in bari?

Taka,
Auta


Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Tanka ta zo ta koma, ta sake zuwa, na tsaya a gidan mai kamar mai jiran bashi, direba ya ce ba a ba shi komai ba. In maganar Ba-Matsala ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini. Ban taɓa aksul ba, kuma ba zan taɓa ba sai ka ce.

Ba lafiya sosai a nan. Inna ta ƙi komawa asibiti ƙememe. Na lallashe ta, na yi fushi, na haɗa ta da Allah, amsarta ɗaya ce: ta warke. To wane irin warkewa ne wannan? Da tana kaiwa ƙofa, yanzu daga gado sai kujerar da ke gefensa. Mai gashi ta aiko a gaya mini in muka ƙara ɓata lokaci kada mu zo muna mata kuka.

Shekaranjiya na kasa daurewa. Na tayar da mota na kawo ta har bakin ƙofa, na kira maigadi, na ce yau ko ana so ko ba a so sai an je. Inna ta kalli motar ta taga, ta riƙe ƙarfen gado da hannu biyu, ta ce, “Auta, don girman Allah ki ƙyale ni.” Na ce mata ta zaɓi kujera ke nan, kuma ni ce zan ƙare rayuwata ina tura ta. Haka na faɗa wa uwata, Kawu. Ta juya fuska bango. Na shiga daji ina tuƙi ina kuka, har wani mai garke ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Na rasa gane kanta. Ko ta fid da rai ne? Ko wani abu aka yi mata a asibitin ta ƙi faɗa? Kai kaɗai take jin maganarka. Ko layi biyu ne ka rubuto mata.

Auta


Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, kuma ba fushi nake ba, ke ma da saurin kai ƙara. An kwashe mu ne zuwa sabon sansani can gaba inda ake gada, takardunki suka zauna a tsohon ofis. Yau aka kawo mini su biyun a haɗe. Na karanta a tsaye, na nemi benci na zauna, na sake karantawa. Sannan na ciro ta farkon daga aljihun jaka na karanta ita ma.

Amsa mini wannan a ranki. Dusar nan, sau nawa kike ɗaukarta? Ina jin sai jefi-jefi, in an samu rabo daga ofis. Kayanki na kullum akwatin allura ne da tsohuwa mai ƙarfe a ƙugu, kwance a kujerar baya, kusan a kan aksul. Kin rubuta mini wannan ɓaro-ɓaro. Amma kin sa shi a wajen gaisuwa, ni kuma na karanta gaisuwa na ce Allah ya ƙara sauƙi, na wuce wajen mota na tarar da buhuna, na ce yauwa, ga aikina. Na gyara miki tifa, Auta. Har na sa kuka gwada ta da yashi, yashin da ba ya cewa wayyo.

Sifirin mai tauri sai da nauyi yake lanƙwasa. In babu nauyi ba ya motsi ko kaɗan, duk dutsen da taya ta taka sai ya wuce kai tsaye ya sami wanda ke zaune. Ga iskar da na ce a cika, ga fizgar kuloci a tudu. Ke ba za ki ji rabinsa ba, kina gaba, kina riƙe da sitiyari, kina ganin rami kafin ya zo. Kwalba ta fashe a cikin akwati, to ina ga ƙashin da aka ɗinke?

Kuma ki san wannan game da uwarki. Yaya in tana da lafiya mita take yi. Ranar da ta fara yabo da sa albarka a kan shayi, ranar ake neman likita. Ina ƙarami ta taɓa ƙonewa a hannu wajen dafa mini abinci, ta naɗe da tsumma ta ce sanyi take ji, don kada a ce saboda ni ne. Yanzu ni na aiko da ƙarafan nan, na ce a kai mata har cinya, ta kira maƙwabta ta nuna. Kina tsammanin za ta buɗe baki ta ce aikin ƙanenta ke kashe ta? Za ta zauna a kujera har abada ba ta faɗa ba.

Kada ki ɗauki maganata kawai, na riga na yi miki kuskure daga nesa sau ɗaya. Ki ba Ba-Matsala tuƙi, mota wofi, ki kwanta inda take kwanciya, ki rufe ido, ku sauka tudun ku hau.

In kin tabbatar, a cire fallayena duka. A sa shakazoba masu laushi. A rage iskar taya. Dusa kuma a riƙa yi mata sawu biyu.

Saura giya, a nan ne zaɓin yake. In kika sauya haƙoran aksul, motar za ta hau tudu a hankali ba fizga, kuma manyan tayoyinki na nan, rafi na nan. Ba-Matsala zai iya, tunda ya san fenti na janye maganata. Amma sai an yi odar haƙoran, a jira, a kwance mota gaba da baya, kuma tsayinta na nan yadda yake, sai an ci gaba da ɗaga Yaya kamar buhu. In kuma kika koma ƙananan tayoyi aka sauke ɗagin, ƙarfin ja zai dawo da kansa, mota ta yi ƙasa, aikin yini ɗaya ne. Sai dai ki sani, tsayin da ke raba aksul da dutsen rafi daga taya yake zuwa. In tayoyin suka tafi, ƙetare ya tafi har damina ta wuce. Na san shekarun da kika yi kina gina amana da mutanen can. Wannan ba zan zaɓa miki ba.

Ga 'yar takarda nan daban, ki karanta wa Yaya da ƙarfi:

Yaya, ni ne. Ƙarfen nan na manyan motoci ne, na yi kuskuren awo, ni na ce a cire. Ki koma asibiti. In na zo na tarar ba ki taka kin tarye ni a ƙofa ba, a mota zan kwana.

Kawunki


Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya sabon wuri, ya ruwa? Mu nan an fara, ƙasa ta jiƙa. Ni lafiya lau. Labarin Inna kuwa yau ba zan sa shi a gaisuwa ba, shi ne takardar gaba ɗaya.

Na yi yadda ka ce. Na kwanta a kujerar baya na rufe ido, Ba-Matsala ya ja. Kawu, ko rabin gangaren ba mu kai ba na ce ya tsaya. Haƙorana sun haɗu har na ciji harshe, kowane dutse kamar an ɗaga ni an buga da ƙasa, ni da ƙashina lafiyayye. Da muka juyo hawa ya fara fama da kuloci, sai na ji ashe fizgar nan a ƙugu take sauka. Na fito na zauna a bakin hanya. Ba-Matsala ya buɗe baki zai faɗi kalmarsa, ya dube ni, ya mayar ya rufe.

Na dawo gida na durƙusa gaban Inna na ba ta haƙuri a kan abin da na faɗa mata. Na ce, “Inna, me ya hana ki gaya mini?” Ta ce, “In gaya miki me? Ni ban ce komai ba.” Sai na karanta mata takardarka. Ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta ce, “Ji shi, wai a mota zai kwana. Da wane bayan? Kuma shi da ya yi shekaru yana aikin nan, awo ma ya gagare shi?” Daga nan ta dawo kaina, wai tun da na shigo ɗakin ke warin shanu. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Amma ta kafa sharaɗi, ba za a sayar da fallayen ba, ba za a bar su a gareji ba. Suna nan ƙarƙashin gadonta.

Na zaɓi ƙananan tayoyi. Ban yi dogon tunani ba, don in na tsaya tunani zan samo dalilin jira, ƙafar kuma ba ta jira. Kafin a cire manyan na tsallaka ƙetare sau ɗaya, na yi wa garkunan allurar da ta samu, na gaya musu bana ba za su gan ni ba sai ruwa ya janye. Shugabanmu na ofis ya ce ba zai bar yanki ba likita damina guda ba, zai ba wani, kuma ba ya alkawarin dawo mini da shi. Ya yi zafi, ba zan ɓoye maka ba. Mutanen nan sai da na yi shekaru kafin su bar ni in taɓa ɗan maraƙi. Dattijon cikinsu ya raka ni har bakin ruwa, ya ce in gaida mai jiki, ya juya. Na shiga mota na tsallako.

Motar yanzu ta yi ƙasa, ta zama kamar ta kowa, yara ma sun daina binta da kallo. Ba-Matsala ya walda mata ɗan mataki a ƙofar baya. Tudu kuwa da giya ta biyu take hawa, ƙafata ba ta kusa da kuloci.

Mai gashi ta wanke ni tas, kuma na cancanta. Ta ce gaɓar ta ɗan riƙe, abin da aka rasa ba duka zai dawo ba, wataƙila sanda ta zama abokiyar tafiya. Amma ta ce kujera ba ta ci mu ba tukuna, in ba mu sake fashi ba.

Yau da safe Inna ta taka matakin nan da ƙafarta mai lafiya, na tallafe ta ni kaɗai, ba maigadi. Muka kama gangare tana ta yi mini faɗa a kan gishirin miya. Wajen tsakiyar hanya na ji shiru. Na ce shi ke nan, ciwon ne ta koma haɗiyewa. Na leƙa madubi. Barci take, Kawu, baki a ɗan buɗe, hannu ya saki ƙofa ya faɗo kan cinya. A kan hanyar nan tamu mai duwatsu.

Da muka isa asibiti na tsaya a inuwa, na kasa kashe injin don kada shirun ya tashe ta. Lokacinmu ya yi ya gota. Mai gashi ta fito da faɗanta a baki, ta zo ta leƙa taga, sai ta sauke murya ta ce in bar ta, za ta fara da wani, mu shigo in ta farka.

A nan cikin motar nake rubuta maka wannan, takardar a kan sitiyari, shi ya sa rubutun ya karkace. Har yanzu ba ta tashi ba.

'Yarka,
Auta